Ƙaramar Libarba Ba Abin Wasa Ba Ce

Wata magana ta yi yawa a bakin samarinmu tun da bidiyoyin masu tallan makamai na Amurka suka cika TikTok da YouTube. Sai a nuno wata 'yar libarba da ba ta wuce tafin hannu ba, a jefa ta aljihun wando ta ɓace ɓat, masu kallo su hau yabo: ai wannan ko yaro ya riƙe ta, ai ita ta dace da mata, ai harsashinta ba ya kisa, tsorata ɓarawo kawai yake yi. Abin haushin, har cikin 'yan uwanmu mazauna can akwai masu maimaita wannan zance. Duk shaci-faɗi ne, kuma irin wanda ake biya da rai.

Bindigar da ake magana a kanta libarba ce mai guntun hanci, inci biyu ko ƙasa da haka, da ganga mai juyawa da ke cin harsashi biyar ko shida. Kamfanin Colt ya fitar da Detective Special a 1927, Smith & Wesson ya biyo da Chiefs Special a 1950, an kuma yi su ne musamman don 'yan sandan farin kaya da ke son makamin da riga za ta rufe. Yau farar hula ne manyan masu saye, ganin cewa fiye da rabin jihohin Amurka ba sa neman lasisi kafin baligi ya ɗauki bindiga a ɓoye.

To, daga ina aka samo cewa ƙanƙantarta sauƙi ne? Masu koyar da harbi a can akasin haka suke faɗa, cewa bindigar gwanaye ce. Idan harsashi ya fita, bindiga takan yi shuri baya, kuma nauyin ƙarfenta ne ke shanye wani kaso na shurin kafin ya iso hannu. Samfura irin su Smith & Wesson 642 da Ruger LCR ba su kai rabin kilo ba, don haka kusan duk bugun a tafin hannu da wuyan hannu yake sauka. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa a waje yake kwana ba abin da ya kama. Sai kunamar: jan ta na buƙatar ƙarfin da ya kai kilo biyar ko kusa da haka. Ka dubi wannan lissafi, yatsa ɗaya yana jan kilo biyar a jikin abin da bai kai rabin kilo ba, ta yaya bakin ba zai karkace ba? Ga saitin gaba da na baya sun matsu da juna, ɗan kuskuren da ido ba ya gani a hannu sai ya zama taku guda a can inda harsashi zai sauka. Mutumin da ya saya wa matarsa ko tsohuwarsa wannan bindiga don ya ga ta yi kyau a jaka, bai taimake ta ba. Za ta harba sau biyu a filin koyo, hannu ya yi tsami, ta ajiye ta daina atisaye, ta ci gaba da yawo da makamin da ba ta iya ba.

Batun harsashi ma haka ne. Mafi yawansu .38 Special suke ci, akwai kuma mai ƙarin matsi da ake rubuta wa +P, wanda wasu tsofaffin bindigogi marasa nauyi ba a ƙera su don shi ba. Wasu na cin .357 Magnum, wanda ya fito a 1935, kuma nan ne masu son burga ke rufta. A guntun hanci albarushin ba ya gama ƙonewa kafin harsashi ya fita, sai wani kaso na ƙarfin ya tashi a walƙiya da ƙara. A ɗaki cikin dare, walƙiyar na kashe wa mai harbin ido na ɗan lokaci, ƙarar kuma na iya lalata masa ji har abada. Harsashi mai rami a kai, wanda aka yi don ya buɗe ya tsaya a inda ya shiga, yakan ƙi buɗewa idan gudunsa ya ragu, ya zarce abinsa. Bangon cikin gidajen Amurka kuwa ba bulo ba ne, allon farar ƙasa ne da katako, kuma bayansa ɗakin yara ne ko na maƙwabci.

Mai cewa ƙaramin harsashi ba ya kisa, tarihi ya riga ya ba shi amsa. Ranar 30 ga Maris 1981, da wata libarba mai arha ta .22, wadda ke cikin ƙananan harsasai, John Hinckley ya harbi Shugaba Ronald Reagan a Washington. Harsashin ma sai da ya bugi jikin mota kafin ya shiga ta ƙarƙashin hammatarsa ya tsaya a huhu, dab da zuciya. Kakakinsa James Brady, da aka samu a ka, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu, kuma da ya rasu a 2014 likitocin bincike suka ce raunin ne ajalinsa. Da .22 aka kashe Robert Kennedy a 1968. Da guntuwar Colt Cobra Jack Ruby ya kashe Lee Harvey Oswald a 1963, harbi ɗaya tak, a gaban kyamarori. Wace tsoratarwa ce wannan?



Ga wanda ke zaune a inda doka ta ba shi dama kuma ya nace sai ya mallaka, ya fara da zuwa wurin malami mai lasisi kafin ya je shago, ya gwada da kunnuwansa a toshe, ya ji abin da hannunsa zai ɗauka. Ya karanta rubutun da ke jikin hancin bindigar, kada ya sa mata abin da ba shi aka rubuta ba. Ya san cewa yawancin libarba ba su da maɓallin kariya, nauyin kunamar nan shi ne kawai shinge. Saboda haka kada a jefa ta tsirara a aljihu ko jakar hannu tare da makullai da biro, sai cikin kube mai rufe kunama ruf. Duk bindigar da aka miƙo maka, ɗauka da harsashi a ciki har sai ka buɗe gangar ka leƙa kowane rami da idonka, kuma ko bayan ka leƙa kada ka nuna wa kowa bakinta da sunan wasa. A gida, akwatin ƙarfe mai makulli, harsasai a wani wuri daban. Ƙarƙashin matashi da saman kabad ba maɓoya ba ne, yara sun fi mu sanin lungunan gidanmu. Idan akwai mai fama da damuwa ko ana yawan rigima a gidan, a fitar da ita gaba ɗaya: a 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu.

Matafiya su zazzage jakunkunansu kafin su nufi filin jirgi. A 2024 an tsare Amurkawa da dama a tsibiran Turks da Caicos kan 'yan harsasan da suka ce sun manta a kaya. Lasisin Texas ko Georgia kuma ba ya aiki a Kano. Dokar Makamai ta Najeriya ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun bindigogi, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake mallaka, kuma wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin shekara goma, ko ta Amurka ce ko ƙirar maƙerin gida.