Daga Tibet Zuwa Tsiga: Abin Da GPS Ke Nunawa Game Da Karon Nahiyoyi

Idan kana Tsiga, ka buɗe Google Earth ko wata manhajar auna tsayi a wayarka, za ka ga kana sama da mita 600 daga matakin teku. A tudun Tibet da ke ƙasar Sin kuwa, matsakaicin tsayi ya haura mita 4,500. Amma abu ɗaya ne ya gina wuraren biyu: karon nahiyoyi.

Kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce, yankin Indiya ya tunkuɗi Asiya. Ɓawon ƙasar nahiya ba shi da nauyin da zai nutse cikin ƙasa, sai ya murɗe ya hau kan juna. A ƙarƙashin Tibet kaurinsa ya kai kusan kilomita 70, ninki biyu na yadda aka saba. Ka tuna da gungumen itace a ruwa: mafi kauri shi ya fi fitowa sama. Haka ɓawon ke yawo a kan duwatsun da suka fi shi nauyi, shi ya sa Tibet ya ɗaga.

Kuma turawar ba ta tsaya ba. Masana sun kafa na'urorin GPS a kan dutse, suna gani Indiya na matsawa arewa kimanin santimita 4 a shekara, kusan yadda farcenka ke tsiro. Kada ka gwada da wayarka, ita kuskurenta mitoci ne, nasu kuwa milimita.

To ina Tsiga ta shigo? Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, tsohuwar doron ƙasar Afirka ta Yamma ta yi karo da wadda ke gabas da ita, manyan tsaunuka suka tashi a inda arewacin Najeriya yake yau. Dutse ya narke a can ƙasa, ya daskare a hankali. Ruwa da iska suka yi ta cin tsaunukan har suka baje, nauyi na raguwa, gindin na tasowa.

Duwatsun nan masu santsi da ake hange tsakanin gonakin masara da auduga a yankin Funtua da Malumfashi, har da Kufena a Zariya, su ne gindin. Wanda ka hau ka zauna a kai don neman sabis, a ƙarƙashin kilomitoci na dutse ya daskare.