Abubuwan Da Ya Kamata A Riƙe Idan Za A Kai Mara Lafiya Sashen Gaggawa

Ciwon gaggawa ba ya sallama. Sau da yawa cikin dare yake zuwa, a ɗauko mara lafiya daga lungu a fito da shi bakin titi, a tare adaidaita sahu, sai an isa asibiti sannan a tuna an baro kati da magunguna da kuɗi a gida. Idan likita ya tambaya wane magani yake sha, amsar da muka fi ji ita ce "wata 'yar farar ƙwaya". Ƙwayoyi farare kuwa sun fi a ƙirga. Lokacin da za a ɓata wajen komawa Yakasai ko Mandawari a ɗauko ledar magani, lokaci ne da ya kamata a ce an fara ceto rai.

Shi ya sa muke ba da shawarar kowane gida ya tanadi jaka guda tun ana lafiya, musamman gidan da ke da tsoho, mai juna biyu, mai ciwon suga, mai hawan jini, mai asma ko mai sikila. Sai dai a kula: idan mutum ya suma, ko yana zubar da jini, ko numfashinsa na sarƙewa, kada a tsaya haɗa kaya. A tafi da shi, wani ya biyo baya da jakar.

Takardun asibiti

A sami leda mai kauri wadda ruwa ba ya shiga, a haɗa waɗannan a ciki:

- Katin asibiti, ko da na wani asibitin ne daban.
- Katin awo ga mai juna biyu, da katin rigakafi ga yaro.
- Sakamakon gwajin jini, hoton ƙirji, sikanin, da takardar sallama idan an taɓa kwantar da shi.
- Katin inshorar lafiya, na hukumar KSCHMA ta jihar Kano ko na NHIA ta tarayya, tare da katin shaida.

Katin awo kaɗai yana iya nuna wa likita watannin ciki, rukunin jinin mace, da yadda awon jininta yake a baya. Idan ta zo da jijjiga ko zubar jini, ba ta iya magana, katin ne zai yi magana a madadinta.

Magunguna, har da na gargajiya

A zo da magungunan a cikin kwalayensu, kada a ɓare su a ƙulle a leda. Sunan magani da ƙarfinsa a jikin kwali suke. Wannan ya haɗa da allurar insulin, abin shaƙa na masu asma, maganin da aka saya a kemis ba tare da takardar likita ba, da duk wani jiƙo ko gari ko tsimi da aka ba shi.

Mutane da dama suna ɓoye maganin gargajiya don gudun faɗa. Ba don mu yi faɗa muke tambaya ba. Wasu haɗe-haɗen suna taɓa ƙoda ko hanta, wasu suna karo da maganin da za mu bayar. Haka nan a faɗa idan akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, kamar wanda ya taɓa sa masa ƙaiƙayi, kumburin fuska ko saɓar fata.

Idan guba aka sha, a taho da mazubin: kwalbar fiya-fiya, ledar shinkafar ɓera, ko kwalin ƙwayoyin da yaro ya haɗiye. Kowace guba da yadda ake tunkararta. Kada a ɗura wa yaro manja ko madara don ya yi amai, musamman idan kalanzir ya sha, domin aman na iya tura shi cikin huhu.

Wanda ya san labarin ciwon

Wannan ya fi komai muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Sai ka ga maza biyar sun kawo yaro, amma mahaifiyarsa da ta ga yadda ciwon ya fara tana gida. A taho da wanda ya ga abin da idonsa. Idan hakan ba zai yiwu ba, a tabbata wayarsa na kunne.

Tambayoyin da za a yi muku su ne: Yaushe ciwon ya fara? Me yake yi lokacin? Yaushe ya ci abinci na ƙarshe? Me aka ba shi a gida? Idan shanyewar ɓarin jiki ake zargi, wato baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta harɗe, a riƙe lokacin da aka ga mutumin lafiya lau na ƙarshe. Ko da "bayan sallar La'asar" kuka ce, ya taimaka. Idan yaro ne ke jijjiga, wani ya duba agogo. Jijjigar da ta wuce minti 5 tana buƙatar taimako nan take. A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki.

Kuɗi da waya

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Saboda haka rashin kuɗi a hannu kada ya hana ku fitowa. Duk da haka, za a iya rubuta muku gwaji, ruwan ƙari ko allura da za ku saya. A riƙe tsabar kuɗi tare da katin banki, domin turawa ta waya na iya maƙalewa cikin dare. A zo da waya mai caji da kati, da caja. A rubuta lambobin 'yan uwa biyu ko uku a takarda, saboda wayar mara lafiya na iya kasancewa a kulle.

Masu ba da jini

Idan mace ce mai zubar jini, ko yaro da tafin hannunsa ya yi fari fat, ko mai sikila, ko wanda ya yi haɗarin mota, akwai yiwuwar a buƙaci ƙarin jini. Tun kuna hanya a sanar da 'yan uwa biyu ko uku masu lafiya, waɗanda suka kai shekara 18, su shirya. Ba sai rukunin jininsu ya zo ɗaya da na mara lafiya ba. Ma'ajiyar jini na iya musanyawa.

Abin da za a bari a gida

Kada a cika sashen da 'yan rakiya. Mutum ɗaya ko biyu sun isa. Cunkoso yana tare hanyar gadon tura marasa lafiya. A cire sarƙa, zobe da awarwaro, musamman daga hannun da ya ji rauni, kafin ya kumbura. Tabarma, bokiti, filas da kwanon abinci duk za su iya jira sai an ba da gado. Abin da za a ɗauka tun farko shi ne zane ko bargo mai tsafta, kayan canji guda, da audugar mata ga mai naƙuda.

Kada a ba mara lafiya abinci ko kunu a hanya har sai likita ya gan shi, domin idan tiyata ta kama, cikakken ciki haɗari ne lokacin sa barci. Wanda ya suma kuwa, ko ruwa kada a ɗura masa. Bambanci ɗaya shi ne mai ciwon suga da ke rawar jiki da gumi, yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya: shi a ba shi ruwan sukari, sannan a taho.

Ku san inda za ku tun yanzu

Ga mazauna cikin birni, Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata shi ne babban asibiti mafi kusa. Akwai Asibitin Yara na Hasiya Bayero kusa da gidan Sarki, Asibitin Ƙashi na Dala ga karaya, da Asibitin Malam Aminu Kano a kan titin Zariya. Idan ciwon ya tsananta, a fara da mafi kusa. Idan da buƙatar turawa gaba, a karɓi takardar turawa a riƙe.

Tunda mota ba ta shiga yawancin lungunanmu, ku ajiye lambar maƙwabci mai mota ko mai adaidaita sahu da zai ɗaga waya cikin dare. Ku rataye jakar inda kowa a gidan ya sani, ku riƙa dubata duk lokacin da likita ya canza magani. Allah Ya ƙara mana lafiya.