Tsofaffin Peugeot a ƙauyukan arewacin Kano: yadda ake ceto su kafin a sayar da su a kilo

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi ko Ɗambatta, ya ratsa ƙauyukan da gonakinsu ke manne da juna, ba zai rasa ganin tsohuwar mota a gindin darbejiya ko bayan danga ba, tayoyinta sun nutse cikin yashi, kaji sun mai da ita akurki. Da yawa daga cikinsu Peugeot ne, wadda jama'a ke kira Fijo, samfurin 404 ko 504. Mai wucewa na yi musu kallon tarkace, alhali wasunsu na iya komawa kan titi idan aka riga 'yan gwangwan isa gare su.

An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, sannan 504 ta biyo baya a 1968. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma bai daina fitar da 504 ba sai wajen 2006, shekaru da dama bayan an bar ƙera ta a Turai. Gwamnatin soja ta wancan zamani ta mai da 504 motar jami'anta, attajirai suka saya, direbobin haya suka rungume ta. A karkara kuwa, a-kori-kura ce ta yi suna, domin ita ke kwasar gero da dawa da gyaɗa daga ƙauye zuwa kasuwa.

Faɗuwar darajar Naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane. Daga baya motocin hannu na ƙasashen waje, musamman ƙirar Japan masu sauƙin shan mai, suka cika kasuwa. Idan Fijo ta yi babbar lalacewa, sai a tura ta gefe da niyyar gyarawa bayan kaka, kakar kuma ta yi ta zuwa tana wucewa.

Yanayin yankin ya taimaka wajen adana su. Damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, kuma babu iskar teku mai gishiri irin ta Legas, don haka tsatsa ba ta saurin cin ƙarfe. Ɓarnar da aka fi samu ta rana ce, wadda ke farfasa roba da kujeru, sai ta ɓeraye masu cinye wayoyin wuta, da ruwan da ke kwanciya a daɓen motar idan gilashi ya fashe.

Matakin farko na ceto ba na bakanike ba ne. Sau da yawa mai motar ya rasu, ta zama dukiyar gado, kuma babu wanda ke da ikon sayar da ita shi kaɗai. Mai saye na bukatar yardar magada, da shaidu, da rubutacciyar yarjejeniya, zai fi kyau da sanin mai unguwa ko dagaci. Sannan a gwada lambar jikin motar da ta injin da abin da ke cikin takardu. Matsayin sitiyari ma na ba da haske: Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ne a watan Afrilu na 1972, don haka mota mai sitiyari a dama galibi ta shigo ne kafin lokacin.

Bayan haka sai a duba ƙashin motar daga ƙasa, domin idan ya ruɓe, kuɗin gyara zai wuce ƙimarta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa batir a murza makulli. Injin da ya shekara goma a kwance sai an cire filogi, an zuba mai a kan fistin, an bar shi ya jiƙa kwanaki, sannan a juya shi da hannu. A zubar da tsohon baƙin mai, a wanke tanki da kafireto da lagireto, a sabunta robobin birki kafin motar ta motsa ko taku ɗaya. Walda da fenti su ne na ƙarshe.

Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne waɗannan motoci ba su da kwamfuta. Kunne da hannun gwani sun wadatar. Kayan gyara kuwa ana neman su a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke birnin Kano, ko a ciro daga wata gawar motar. Sai dai kanikawan da suka koyi sana'a a kan Fijo suna tsufa, yaransu kuma sun karkata ga motocin zamani.

Babbar barazana ita ce sikeli. A yankin da kusan kowane taku gona ne, gawar mota fili take ci, ga kuma mai sayen ƙarfe da kuɗi a hannu. Da zarar an daddatsa ta an kai ma'aikatar narka ƙarfe, ta zama rodi, ba ta dawowa. A gidan tarihi na ƙasa da ke Legas an adana Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta a 1976, amma motar da ta kai amfanin gonar talaka kasuwa ba ta da irin wannan gata. Saboda haka, kafin magada su kira mai sikeli, yana da kyau su fara kiran bakanike ya duba ta, ko da ƙarshenta sayarwa za a yi.