Pokémon: tsirrai da naman kaza na cikin wasan, da asalinsu a duniyar gaske

Tun ranar 27 ga watan Fabrairun 1996, lokacin da kamfanin Nintendo ya fitar da wasan Pokémon na farko a Japan, yara da manya ke farautar halittun wannan duniya ta ƙirƙira. An fara da halittu 151, yau sun haura 1,000. Mai wasa yana yawo cikin daji da ciyawa da kogo, ya kama halitta, ya horar da ita, sannan ya kara ta da ta abokin hamayya. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, kaso mai tsoka na waɗannan halittu an kwaikwayo su ne daga tsirrai da naman kaza da ke raye a doron ƙasa, wasunsu ma sun fi na cikin wasan ban mamaki.

Mutumin da ya ƙirƙiro wasan, Satoshi Tajiri, an haife shi a 1965, ya kuma tashi a Machida da ke gefen birnin Tokyo. Yana yaro babu abin da yake so kamar kamun ƙwari. Da gari ya faɗaɗa, gine-gine suka cinye gonaki da tafkunan da yake farauta a cikinsu, sai ya yi tunanin wasan da zai ba yaran birni irin daɗin da ya samu a daji. Da wannan tunani kamfaninsa, Game Freak, ya gina wasan.

Rukunin tsirrai da dokokinsa

An raba halittun wasan zuwa rukuni 18, kamar wuta, ruwa, lantarki da dutse. Wanda ya shafi tsirrai sunansa Plante a sigar Faransanci, Grass kuma a ta Ingilishi. Halitta mai lamba ta ɗaya a kundin wasan daga wannan rukuni take: Bulbizarre ga masu wasa da Faransanci, Bulbasaur ga masu Ingilishi. Tana kama da kwaɗo, da wani ƙullutu irin na albasa a gadon bayanta, wanda ke girma har ya buɗe ya zama fure.

Dokokin rukunin ba baƙi ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe fartanya. Tsiro yana rinjayar ruwa da ƙasa da dutse, domin saiwa tana shan ruwa, tana ratsa ƙasa, tana ma tsaga dutse. Shi kuma wuta da ƙanƙara da guba da tsuntsaye da ƙwari ne ke cin galaba a kansa. Gobarar daji, jan baki da fara ke nan a cikin sigar wasa.

Rana ma tana da nata matsayi. Akwai dabarar da halitta ke warkar da kanta da haske: a yanayi na yau da kullum tana maido da rabin ƙarfinta, a rana mai zafi kashi biyu cikin uku, idan kuma ana ruwa ko guguwar rairayi sai kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Wannan kwaikwayo ne na yadda ganye ke haɗa abinci daga hasken rana da ruwa da iska. Wata dabarar, Vampigraine ko Leech Seed, ita ce a dasa wa abokin hamayya iri a jiki, irin ya riƙa tsotse kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfinsa a kowane zagaye. Manomin gero ya san wannan aiki, domin haka ƙuduji ke maƙale wa saiwar hatsi yana shanye ta tun kafin ya ɓullo saman ƙasa, haka kuma kauci ke yi a reshen itace.

Furen da ke wari da tulun da ke cin ƙwari

Halittar da Ingilishi ke kira Vileplume, Faransanci bai wahalar da kansa ba, ya sa mata Rafflesia, sunan furen da aka kwaikwaya. Rafflesia arnoldii yana fitowa a dazuzzukan Sumatra da Borneo, kuma shi ne fure guda mafi girma da aka sani, faɗinsa kan kai mita ɗaya. Ba shi da ganye, ba kara, ba saiwa. Yana rayuwa ne a cikin jikin wata kurangar daji, ba a ganinsa sai lokacin fure. Warinsa na ruɓaɓɓen nama ne, kuma da shi yake janyo ƙudajen da ke kai masa barbara.

Empiflor, wato Victreebel, an ɗauko ta daga Nepenthes, tsiron da ƙarshen ganyensa ke zama ɗan tulu mai santsin baki. Ƙwaro ya zo shan zaƙi, ya zame ya faɗa cikin ruwan da ke narkar da shi. Vortente, wato Carnivine, ta samo asali daga wani tsiro na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, mai ganye kamar tarko. Ganyen ba ya rufewa sai an taɓa gashinsa sau biyu cikin kusan daƙiƙa 20, don kada ɗigon ruwa ya yaudare shi. Dalilin wannan farauta ɗaya ne: ƙasar da suke tsirowa a kai ba ta da isasshen sinadarin naitirojin, sai su cike giɓin da naman ƙwari.

Inda wasan ya saɓa wa kimiyya

Wasan ya zuba duk halittun naman kaza cikin rukunin tsirrai. A nan ya yi kuskuren da masana kansu suka daɗe suna yi. A 1969 ne masanin Amurka Robert Whittaker ya ware naman kaza da funfuna da yis a matsayin dangi mai zaman kansa. Ba sa haɗa abinci da hasken rana, sai dai su narkar da abin da suke zaune a kai su tsotse. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna daga baya cewa sun fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Laimar da ake gani a kan suri ko juji bayan ruwan sama ƴar ƙaramar gaɓa ce kawai, wadda aikinta watsa ƙurar iri. Ainihin jikin zare ne siriri da ke yaɗuwa a ƙarƙashin ƙasa ko cikin itace.

Wannan ƙurar iri tana cikin wasan. Dabarar da ake kira Spore tana sa abokin hamayya barci, kuma halittun naman kaza ne suka shahara da ita. Tun daga wasannin X da Y na 2013, ba ta tasiri a kan ƴan rukunin tsirrai.

Trompignon, wato Foongus, naman kaza ne mai kama da ƙwallon da ake kama halittu da shi. Mai wasa ya hango shi cikin ciyawa, ya ɗauka tsintuwa ce, yana taɓawa sai faɗa da guba. Darasin na gaske ne. Amanita phalloides, wanda ke haddasa mafi yawan mace-macen cin naman kaza a duniya, kamanninsa ba su da wata alamar haɗari, dafuwa kuma ba ta kashe gubarsa. Launi ko ƙamshi ba sa bambance mai kisa da na miya.

Paras da maganin fara

Labari mafi tayar da hankali shi ne na Paras, ɗan ƙwaro mai ɗauke da naman kaza biyu a baya. Idan ya girma ya zama Parasect, naman kazan ya rufe shi gaba ɗaya, idanunsa sun yi fari fat, kuma kundin wasan ya bayyana cewa naman kazan ne ke juya shi. Kundin ya kira naman kazan da tochukaso, kalmar Japananci mai nufin tsutsa a hunturu, ciyawa a bazara.

Abin yana nan da gaske. A tsaunukan Tibet da Himalaya, sama da mita 3,000, Ophiocordyceps sinensis yana shiga jikin tsutsar da ke cikin ƙasa, ya cinye ta daga ciki, sannan ya tsiro ta kanta kamar tsinke. Masu maganin gargajiya a Sin suna sayensa da tsada ƙwarai, har yawan tono ya sa ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta saka shi cikin jerin masu fuskantar barazana a 2020. Wani ɗan uwansa a dazuzzuka masu zafi yana kama tururuwa, ya sa ta bar gida ta hau tsiro ta ciji ganye, ta mutu a maƙale, shi kuma ya watsa irinsa daga sama.

A nan ne labarin ya taɓo Sahel. A 1989 aka ƙaddamar da shirin LUBILOSA domin neman hanyar yaƙar fara ba tare da feshin guba mai yawa ba. Cibiyar CABI ta Ingila, reshen IITA na Kwatano da masana na Yamai duk sun yi aiki a ciki. Makamin da suka samu funfuna ce mai suna Metarhizium acridum, kuma nau'in da aka yi amfani da shi an samo shi ne daga jikin wata fara a Nijar. Ana gauraya ƙurar irinta da mai a fesa. Idan ta sauka a jikin fara, sai ta huda fatar ta yaɗu a ciki, farar ta rage ci, ta mutu cikin mako ɗaya zuwa uku. Ba ta cutar da tsuntsaye ko dabbobi ko mutane. An sayar da maganin da sunan Green Muscle, kuma hukumar abinci ta FAO ta yi amfani da wannan funfuna a Somaliya lokacin annobar farar ɗango ta 2020. Raunin maganin shi ne jinkiri: manomin da fara ta sauka a gonarsa yau ba zai ga sakamako gobe ba, shi ya sa ya fi amfani a kan ƙananan fara tun ba su yi fiffike ba.

Abin da yara ke riƙewa

A 2002 masanin jami'ar Kambirij Andrew Balmford da abokan aikinsa suka wallafa wani ɗan bincike a mujallar Science. Sun nuna wa yara 109 a Birtaniya hotunan halittun Pokémon da na dabbobi da tsirran ƙasarsu. Ƴan shekara takwas sun gane kusan kashi 80 cikin ɗari na halittun wasan, amma kusan rabi kawai na halittun gaske. Masu binciken ba su zargi wasan ba. Abin da suka fahimta shi ne, yaro yana iya haddace sunaye da siffofi masu yawa idan an gabatar masa da su ta hanyar da ke jan hankalinsa.

Aikin kuwa yana da yawa. Rahoton lambun bincike na Kew na 2023 ya ƙiyasta cewa akwai nau'in naman kaza da funfuna kusan miliyan biyu da rabi a duniya, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari ba a ma sa musu suna ba tukuna. Ga tsirrai, akwai manhajar Pl@ntNet da cibiyoyin bincike na Faransa suka samar, wadda ke ƙoƙarin gane tsiro daga hoton da aka ɗauka da salula. Malamin makaranta na iya ba ɗalibai aikin tattara itatuwa 20 na unguwarsu, kowanne da hotonsa, da sunansa na Hausa daga bakin dattawa, da amfaninsa, da abin da ke kashe shi. Yaron da ya san cewa wuta na rinjayar Bulbizarre ba zai sha wahalar riƙe cewa gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani ba, ko kuma cewa funfunar da ke kama gyaɗar da ba ta bushe ba tana iya lalata hanta.