Yaron da karatu ke ba wuya ba daƙiƙi ba ne

Wataƙila ka san irinsa a Tambuwal ko Kebbe: yaro ne mai wayo, a aike shi kasuwa ya dawo da canji daidai, ya san kowace akuya a garkensu, amma ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Malam ya yi bulala har ya gaji, a gida kuma an fara cewa a cire shi ya koma gona.

Sau da yawa abin da ke damun irin wannan yaro shi ne disleksiya, wato matsalar koyon karatu. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, gwanin lissafi, wanda karatu ya gagare shi.

To mene ne ke faruwa? Kafin ka karanta “gida”, sai ƙwaƙwalwarka ta tsinka kalmar zuwa sautuka, g-i-d-a, ta haɗa kowane sauti da harafinsa. A nan mai disleksiya ke tuntuɓe. Tunaninsa da fahimtarsa lafiya lau suke. Shi ya sa za ka ga ya haddace abin da aka biya masa da baki, amma a nuna masa a rubuce ya rikice. Abin yakan bi jini, kuma ba lalaci ba ne. Wani yaron kuma lissafi ne kawai ke ba shi wuya.

Kafin ka yanke hukunci, kai shi asibiti a duba ido da kunne, domin rashin gani ko ji sosai, yunwa da yawan fashin makaranta duk suna hana karatu. In waɗannan lafiya, a koya masa sautukan haruffa ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan kullum, yana faɗa yana rubutawa ko da a ƙasa ne. A fara da Hausa, tunda rubutunta ya fi na Turanci bin lafazi. Hanyar da shirin Mu Karanta! ya bi ke nan a firamaren jihohin Sakkwato da Bauchi.

Duka ba ya koya wa yaro harafi, tsoron makaranta kawai yake ƙara masa. Da wuri aka gano matsalar, da wuri yaron zai kamo ’yan ajinsu.