Hattara da Mai Cewa "Ki Same Ni Bayan An Tashi"

Wannan jan kunne ne ga duk mai 'ya, ko ƙanwa, ko mata da ke fita neman ilimi ko na abinci. Da ita kanta mai fitar. Ba tsoro nake son sa wa kowa ba. So nake a farga. Wata ɓarna na cin ofisoshi, makarantu, asibitoci da zaurukan siyasa. Mutum ya riƙe abin da mace ke buƙata, ya ce ba zai saki ba sai ta ba shi kanta. Wani takardar ɗaukar aiki ya riƙe. Wani makin jarrabawa. Wani ƙarin girma. Wani tikitin takara. A wani wurin ma kwanon hatsi ne kawai.

Da fara'a ake somawa, shi ya sa ake shammatar mutane. Yallaɓai ya tambayi lafiyar mutanen gida. Ya karɓi lambar waya, wai saboda aiki. Saƙo ya fara shigowa ƙarfe 11 na dare: "Kin yi barci?" Wata rana ya aiki masinja sayen ruwan sanyi, ya tura ƙofa da ƙafa. Ya zaro fayil ɗinta daga aljihun tebur, ya dafe shi da tafin hannu. "Hajiya, ki taimake ni in taimake ki. Ki same ni bayan an tashi." In ta ƙi, fayil ya koma inda ya fito. Sai a fara kama ta da laifin makara. Sai a ce ba ta da ladabi. Sai takardar canjin wurin aiki ta fito, zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Masu bautar ƙasa da masu aikin wucin gadi na cikin masu shiga wannan hali. Sa hannun mutum guda ne tsakaninsu da alawus ɗin wata.

Kada wani ya ce ai wannan halin wasu ne can nesa. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan sansanonin 'yan gudun hijira bakwai a Maiduguri. Mata da 'yan mata 43 suka ba da labarin fyaɗe ko lalata da aka yi da su. Waɗanda suka nuna da yatsa su ne shugabannin sansani, 'yan sintiri, 'yan sanda da sojoji. Sun tsere wa Boko Haram, suka faɗa hannun masu gadinsu. Wasu da abinci aka yaudare su, wasu da alkawarin aure. A farkon 2019 kuma matasan matan Arewa suka fito a Twitter ƙarƙashin taken ArewaMeToo, suna faɗin abin da suka daɗe suna haɗiyewa. Da yawa zagi suka sha. Aka bar zancen abin da aka yi musu, aka koma tambayar me ya sa suka buɗe baki.

Jami'a ma ba ta tsira ba. A 2018 wata murya da aka naɗa a waya ta tona asirin Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, yana neman lalata da ɗalibarsa kafin ya ba ta maki. Hukumar ICPC ta gurfanar da shi, ya amsa laifinsa, kotu ta ɗaure shi shekara 2. A Oktoban 2019 binciken ɓoye na BBC ya nuna irin wannan a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin hukunta malamai masu wannan hali a Yulin 2020, amma har Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai zama doka ba. Illar ba ta tsaya kan wadda aka kayar don ta ƙi ba. Yarinyar da ta kwana karatu ta ci da guminta, ita ma sai a riƙa yi mata kallon zargi. Takardar shaidar kowa ce ke zubewa.

A siyasa abin ya fi tsauri, domin sau da yawa wanda ake ƙara shi ke riƙe da zauren. A ƙarshen Fabrairun 2025 Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya ta zargi Shugaban Majalisar Dattawa, Godswill Akpabio, da nemanta da lalata. Ya musanta. Kwamitin ɗa'a ya yi watsi da takardar kokenta, bisa hujjar cewa ita ta sa hannu da kanta, wanda ya saɓa wa ƙa'idar majalisa. Ranar 6 ga Maris aka dakatar da ita wata 6. Majalisa ta ce hukuncin na rashin ɗa'a ne kan rikicin wurin zama a zauren. Tantance mai gaskiya aikin kotu ne. Abin da ya dame ni shi ne darasin da ƙananan ma'aikata suka ɗauka. A zauren mutum 109, mata 4 ne kacal a lokacin. Idan sanata ta yi ƙorafi ta wayi gari a waje, wace sakatariya ce a ƙaramar hukuma za ta yi gigin buɗe baki?

Amma mafi zafin abin a gida yake. Yarinya ta dawo ido ya yi ja, ta gaya wa mahaifiyarta. Amsar da take samu sananniya ce. "Ki rufa mana asiri." "Me ya kai ki ofishinsa?" "In zancen nan ya fita, wa zai aure ki?" Asirin wa aka rufa? Nasa. Gobe zai zauna a kujerar nan, wata ta shigo da fayil a hannu. Duk shirun da aka yi, 'yar wani aka miƙa masa. Mai wannan hali ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, domin ya gwada ya ga ba abin da ya faru.

Idan aka ci gaba a haka, kowa ya san matakin da iyaye da mazaje za su ɗauka. Za su hana fita. Uba zai cire 'yarsa daga makarantar koyon jinya. Miji zai ce a ajiye aiki. Mai laifi na nan daram, marar laifi ta koma ɗaki. Daga nan sai mu kai matanmu haihuwa mu rasa ungozoma. Mu nemi likita mace mu rasa. Mu nemi malama a makarantar 'yan mata mu rasa. Arewar da ke kukan ƙarancinsu tun yanzu ba za ta iya wannan asara ba. Kuma ungozoma ba a yin ta cikin dare ɗaya, shekaru ake yi ana horar da ita.

Maza masu mutunci ma ba su tsira ba. Inda babu hanyar kai ƙara, sai a kai ta Facebook. A can babu shaida, babu bincike. Sunan mai gaskiya na iya ɓaci cikin awa ɗaya.

Hanyoyi suna nan, ko da ba su cika ba. Neman lalata da ƙarfin kujerar gwamnati cin amanar ofis ne, kuma ICPC na karɓar irin wannan ƙara. Kotun ma'aikata ta ƙasa na da hurumin sauraron cin zarafi a wurin aiki, tana kuma zama a Kano da Kaduna da Abuja. A 2013 ta ba wata ma'aikaciyar Microsoft a Najeriya gaskiya da diyya, bayan an kore ta don ta ƙi amincewa da shugabanta.

Ƙanwata, kada ki goge saƙo. Ki rubuta rana da lokaci. Ki gaya wa mutum biyu da kika yarda da su tun ranar farko. Kada ki amsa kiran otal ko na bayan tashi, kome girman mai kiran. Iyaye, ku saurara kafin ku yi faɗa. Shugabannin ma'aikatu da jam'iyyu, ku kafa wurin kai ƙara da ba ya ƙarƙashin wanda za a kai ƙararsa, kada a ba kura ajiyar nama. A sa mata a ciki. A rubuta lambar wayar a manna a bakin ƙofa cikin wannan mako, kafin a turo muku sabbin masu bautar ƙasa.