Daga "Shaihu Umar" zuwa "Mai Martaba": wa ke adana fina-finan Hausa?

Duk lokacin da masoya fim suka zauna muhawara, da wuya a tashi ba a ambaci "Shaihu Umar" ba. Adamu Halilu ne ya ba da umarninsa a 1976, daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi, aka haska shi a bikin Berlin a 2018.

Masu kwatanta shi da "Mai Martaba", wakilin Najeriya a takarar Oscar ta 2025, na yaba kyawun hoton sabon da natsuwar labarin tsohon. Abin da ke damunsu shi ne: idan fim ɗin littafin Firaminista ya kusa ɓacewa, ina makomar na yau?